Tun da muka fito daga asibiti yarona ya zama mai raki

Maman Hanif:
Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Yarona shekararsa 7. Da damina ya yi zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, aka ba mu gado kwana 5. Ranar farko da za a sa masa kanula sai da aka soka sau 4 kafin a samu jijiya, mutum uku suka danne shi, ni kuma ina tsaye a kansa ina hawaye. Alhamdulillahi ya warke sarai, har ya fi da kumari. Amma yaron da na kai ba shi na dawo da shi ba. Da, in ya faɗi a wajen ƙwallo sai dai in ga jini a wando in tambaya. Yanzu ko sauro ne ya cije shi sai ya zo ya nuna min sau goma: "Mama duba, ya kumbura ko? Za a mayar da ni asibiti?" In muka wuce ta gaban kemis sai ya ƙanƙame min hannu. Kusan kullum da safe cikinsa na ciwo. An yi gwajin jini, an yi na bayan gida, an yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Babansa ya ce ni na sangarta shi, in daina kula shi. Surukata ta ce firgita ce, a karɓo masa rubutu. Ni kuma in na kalli fuskarsa na san ba ƙarya yake ba, har gumi yake yi. Wa zan bi?

Maman Zahra:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Ina nan ina bibiya, don tawa ta biyun haka take, ko farce za a yanke mata sai maƙwabta sun ji.

Baban Walid:
Hajiya ki yi haƙuri, ni bayan maigidanki nake. Raki ne, kuma ba abin da ke ciyar da raki irin lallashi. Mu muna shekara bakwai aka jera mu a zaure da hunturu, wanzami ya zo da askarsa, ba wata allurar kashe zafi, aka yi mana kaciya mu tara rana ɗaya. Washegari muna zaune da kara a tsakanin gwiwoyi muna cin kaza. Wa ya bi mu da "sannu, ina ke maka ciwo"? Yaran yanzu bakinsu ake kallo, shi ya sa. Ki ɗauke kai mako biyu ki ga ikon Allah.

Hajiya Kaka:
Ji shi don Allah. Ku ne ba ku yi kuka ba? Mu da muke cikin gida muna jiyo ihunku har bayan katanga. Na yi wa maza huɗu, na ga na jikoki. Abin da ka manta, ɗana, ba a barin uwa ta leƙo wurin. Kawu ne ko baffa ke riƙe yaro, yana masa kirari, ana nuna masa zakaran da za a yanka masa, ga sa'o'insa a gefe kowa na jin kunyar kowa. Uwa tana ɗaki tana kukanta ita kaɗai. Da za a bar mu mu tsaya a kanku da jajayen idanu, da wanzamin bai gama da mutum biyu ba.

Baban Walid:
Hajiya kun tona mana asiri a cikin jama'a. To amma ai maganata kuka ƙarfafa, a raba yaro da lallashin uwa.

Anti Nas:
Shekarata 14 a ɗakin yara. Baban Walid, ka kama jelar gaskiya amma ka saki kanta.

Tun daga bakin ƙofa nake gane yaron da za mu sha fama da shi, kuma ba mai kuka ba ne. Wanda ya shigo shiru ne, idonsa na kan tire, yana bin hannuna duk inda ya yi, in na yage ledar safar hannu ya zabura. Ko auduga na goga masa sai ya ce wayyo, alhali allura tana cikin ledarta. A taɓa ƙirjinsa a ji zuciya na dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe sharkaf. Yaro yana iya ƙirƙiro kuka, amma gumi da bugun zuciya ba ya iya ƙirƙiro su.

Kuma mu manya mu ke shuka abin. "In ba ka sha kokon nan ba zan kai ka a yi maka allura." Har a gabana uwa za ta ce, "Ga Anti nan, yi rashin ji ta tsira maka." Ki shekara kina ba yaro labarin dodo, ranar da zazzaɓi ya kama shi ki kawo shi wajen dodon ki ce ya kwantar da hankalinsa.

Sai kuma wannan "sannu, sannu, yi haƙuri, ba zafi, ba zafi" da muke jerawa da rawar murya. Na lura duk lokacin da uwa ta fara shi, kukan ƙaruwa yake. Yaro muryar yake ji, ba kalmomin ba, kuma ya san ba a ce masa "ba komai" sai in akwai komai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya kan rage zafin allurar rigakafi. A ciki an ce ma'aikaci ya guji kalaman da ke ƙara fargaba da na yaudara irin "ba za ka ji zafi ba", a riƙe ƙaramin yaro a jiki, jariri a ba shi nono, ɗan ƙasa da shekara 6 a ɗauke masa hankali da wasa ko hira.

Maman Rabi daga Maraɗi:
Anti Nas, mu nan wata ma'aikaciya ta hana ni ba ɗiyata nono lokacin allura, wai za ta ƙware. Na bar ta tana ta tsala ihu har muka fito.

Anti Nas:
Ba ta ƙwarewa, 'yar uwa. Ki sa ta a nono kafin a soka da ɗan lokaci, ta ci gaba da sha har a zare. Ni da kaina nake ce wa iyaye su yi haka ranar rigakafi, kuma layina ya fi na kowa shiru.

Malamar Jami'a:
Maman Hanif, sannu da jinya. Ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa, bari in ɗora a kan maganar Anti Nas.

Ki ɗauki hankalin yaro kamar tocila a ɗaki mai duhu. Inda ta haska nan ake gani, sauran ɗakin yana nan amma ba a san da shi ba. A da tocilar Hanif tana kan ƙwallo, shi ya sa zai ƙuje gwiwa bai sani ba. Abin da ya faru a gadon nan ya koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa haɗari daga cikin jikinsa yake fitowa, sai tsoro ya karɓe tocilar ya juya ta ciki. Ciki kuwa ba ya taɓa yin shiru. Hanji na motsi, iska na wucewa, yunwar safe na murɗawa. Kowa na da wannan, amma yawancinmu bai isa ya ja hankalinmu ba. Shi yanzu kasa kunne yake, duk motsin da ya ji sai ƙwaƙwalwa ta tambaya: irin wancan ne da ya kai mu gado? Tambayar kanta ta ƙara tsoro, tsoro kuma yana murɗa ciki da gaske, duk wanda ya taɓa zaman jiran jarrabawa ya san haka. Sai abin ya riƙa ciyar da kansa.

An auna wannan karkatar hankalin. A 1986 wasu masana a Landan suka ƙirƙiro wani gwaji: a nuna kalmomi biyu a fuskar kwamfuta, ɗaya mai tayar da hankali, ɗaya ta yau da kullum, su ɓace, sai ɗigo ya fito a gurbin ɗaya, mutum ya danna maɓalli da zarar ya gan shi. Masu fama da fargaba sun fi sauri in ɗigon ya fito a gurbin kalmar tashin hankali, don idonsu dama yana can. Da aka zo kan yara aka riƙa amfani da hotunan fuskoki, mai fushi da wadda ba ta nuna komai. A 2007 aka tattara bincike 172 irin waɗannan, aka ga abin yana nan a manya da yara masu fargaba.

Maman Zahra:
Malama to tsoron ne ke sa yana ganin kamar yana jin zafi, ko zafin yake ji da gaske? Nan ne ban gane ba.

Malamar Jami'a:
Da gaske yake ji. Saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, yana bi ta laka, kuma a nan akwai wani abu kamar ƙofa da ke buɗewa ko ta tsuke. Wasu masana biyu, Melzack da Wall, su ne suka fito da wannan bayani a 1965. Shi ya sa in kin buge gwiwar hannu kike murzawa ki ji sauƙi, murzar tana tsuke ƙofar. Ƙwaƙwalwa ma tana turo nata umarnin daga sama: in hankali na wani wuri ƙofar ta tsuke, in ana zullumi ana jiran zafi ta wangale. Allura ɗaya, yara biyu, zafi ba ɗaya ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Baban Walid:
Malama duk wannan a kan 'ya'yan Turawa aka yi, masu ɗaki ɗaya yaro ɗaya. Namu da ke tashi cikin gidan mutum talatin ba haka suke ba.

Malamar Jami'a:
Yallaɓai, laka ba ta da ƙabila. Kuma ka duba, abin da Hajiya Kaka ta faɗa kan kaciya shi ne abin da waɗancan suka wahala kafin su gano. Kirari da zakara ɗauke hankali ne. Hana uwa leƙowa kuma ɓoye fuskar tsoro ne. A 1985 an yi wani gwaji a Amurka da jarirai 'yan shekara ɗaya. Aka ɗora su kan teburin gilashi da aka tsara shi kamar akwai ɗan rami a tsakiya, uwa na tsaye a ɗaya gefen. Da iyaye mata suka nuna fuskar tsoro, cikin jarirai 17 ba wanda ya tsallaka. Da suka yi murmushi, 14 cikin 19 suka rarrafo. Ramin bai canza ba, fuskar uwa ce ta canza.

Tunda kuma ka kawo kaciya: a 1997 masu bincike a Toronto ta Kanada sun bi jarirai maza har lokacin rigakafinsu na wata 4 zuwa 6. Waɗanda aka yi wa kaciya ba tare da maganin kashe zafi ba sun fi nuna jin zafin allurar a kan waɗanda ba a yi wa ba. Jaririn bai san sunansa ba ma, amma jiki ya riƙe. Don haka "an yi mana mun daure" ba ya nufin bai bar komai ba.

Baban Walid:
Ni dai har yau ba na son ganin aska a hannun wani, wannan kam na yarda.

Maman Ilham:
Ni fa wannan zancen "a ɗauke masa hankali" tsoro yake ba ni, kuma zan faɗi dalilina. 'Yata sikila ce, shekararta 11. A gidanmu sa ido shi ne ya raya ta. In ta ce ƙafarta ta fara nauyi, ba na jiran ta yi kuka, ruwa da magani da tsumma mai ɗumi nake nema nan take, don na san in na yi sakaci awa biyu sai gado. In jikinta ya kai 38.5 ba na ma shawara da kowa, asibiti muke nufa ko ƙarfe nawa ne. Kuma kalmar nan raki ta ishe ni. An taɓa ce mata mai raki a wani asibiti tana murƙususu a kan benci, wai ai ta saba, me ya sa take ihu. Wanda bai kwana da mai ciwon ƙashi ba ba zai gane ba.

Amma kuma zan faɗi gaskiya, ita ma ta koma irin Hanif. Da ta ga hadari ya haɗo sai ta fara taɓa gwiwoyinta. Sanyin hunturu bai iso ba ta riga ta daina fita. Biki, sallah, yawon makaranta, duk ta janye, wai kada ciwo ya tashi. To ni yaya zan yi? In ce mata ta daina sauraron jikinta, alhali sauraron ne ke cetonta? Muna da yawa fa, ƙasar nan ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, ba ni kaɗai ke cikin wannan tsaka mai wuyar ba.

Hajiya Kaka:
Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. Uwar sikila ba ta barci biyu.

Malamar Jami'a:
Amin. Maman Ilham, ba zan ce ki rage sa ido ba, ko kaɗan. Abin da zan roƙa shi ne sa idon ya zama naki, ya rage zama nata. Kina iya kallon tafiyarta, cin abincinta, launin idonta, ki taɓa goshinta kamar kina gyara mata ɗankwali, ba tare da kin tambaye ta "ina ke ciwo" sau ashirin a wuni ba. Kowace tambaya mayar da tocilar kan gwiwa ce.

Akwai gwajin da aka yi a Jami'ar Vanderbilt a Amurka, aka buga shi a 2006. Yara masu yawan ciwon ciki da lafiyayyu aka sa su sha ruwa har cikinsu ya cika ya dame su. Aka ce wa wasu iyaye su riƙa tambaya da jajantawa, wasu su ja yaran da hira kan wani abu daban, wasu ba a ce musu komai ba. Inda aka yi ta jajantawa, ƙorafin yaran ya kusa ninkawa. Inda aka ja su da hira, ya ragu da rabi. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yaran sun ce hirar ta fi sa su jin sauƙi, amma iyayen masu ciwon suna ganin hirar ce ta fi iya cutar da 'ya'yansu. Zuciyar uwa tana ganin in ba ta tambaya ba ta yi rashin tausayi.

Maman Ilham:
Cikin da ya cika da ruwa daban, jinin da ya toshe a ƙashi daban, Malama.

Malamar Jami'a:
Gaskiyarki, kuma ban haɗa su ba. In ciwon sikila ya tashi magani ne a kan lokaci, hira ba ta maye gurbinsa. Maganata a kan ranakun da take lafiya ce, waɗanda tsoro ke cinye mata. Ku zauna da likitanta ku fitar da alamu ƙwarara da in ta ji za ta faɗa miki nan take. Abin da ba ya cikinsu, ta sa rigar sanyi, ta ɗauki gorar ruwanta, ta tafi bikin.

Maman Ilham:
Zan gwada. Ban yi alkawarin zuciyata za ta bari ba.

Malamin Firamare:
Ku ba ni dama in shigo da wani ɓangare. A Gusau nake koyarwa, kuma ajina akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyuka saboda 'yan bindiga. Ana cikin darasi in babura biyu ko uku suka wuce tare, ina ganin kawunan da ke juyawa taga, kuma kullum su ne. Ɗan gari ko a jikinsa. Akwai yarinyar da ba ta yarda ta zauna sai kusa da ƙofa. Tun abin Jangebe a Fabrairun 2021, da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana, ko yaran da ba su taɓa ganin komai ba sun ji a bakin manya. Kuma su ɗin nan su suka fi kawo min ƙarar ciwon kai da ciwon ciki. Da ina ɗauka gudun karatu ne, har na sha ɗaga bulala, Allah ya yafe min. To Malama, a nan ai tsoron bai yi kuskure ba. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ya gudu, wa zai ce masa wawa?

Malamar Jami'a:
Ba wanda zai ce. A ƙauyensu kunnen da ke rarrabe ƙarar babur shi ne ya fitar da su da rai. Matsalar ita ce ƙararrawar ba ta san an yi ƙaura ba, tana ta kaɗawa a cikin aji. Yaron da rabin hankalinsa ke taga, da ragowar rabin yake karatu, sai a ce daƙiƙi ne. Jikin da ya wuni a ɗaure kuma dole kai da ciki su yi ciwo. Ka bar ta ta zauna kusa da ƙofar. In za a yi wani abu mai ƙara a makaranta, ka sanar da su tun kafin. Bulala kuwa tabbatar musu take cewa nan ma ba a tsira ba. Wanda ya kai ga mafarkin firgita kullum, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya bar magana, wannan ya wuce aikin malamin aji, a nema masa likitan ƙwaƙwalwa.

Ustaz:
Ina karantawa tun ɗazu. Maman Hanif, kada ki yi jayayya da surukarki, kalmar da ta yi amfani da ita, firgita, ita ce dai Malama ta yi ta fassarawa. Akwai addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Usman bin Abil As lokacin da ya kai kukan ciwo a jikinsa, tana cikin Muslim. A ɗora hannu a wurin, a ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai a nemi tsari da Allah da ikonsa daga sharrin abin da ake ji da abin da ake tsoro. Ku duba yadda aka haɗa biyun, wanda ake ji da wanda ake jin tsoron zuwansa. Ki koya masa ya riƙa yi da kansa, da hannunsa. Kuma masu tsorata yara da allura da dodo su tuna an hana Musulmi ya firgita Musulmi, ban ga inda aka cire yaro ba.

Anti Nas:
Jazakallahu khairan Malam. Ni kuma in ƙara, don kada wata ta karanta mu ta zauna da yaro mai cuta a gida tana ce masa tsoro ne. In ciwon ciki ya zo da zazzaɓi, ko amai mai kore ko mai jini, ko jini a bayan gida, ko rama, ko yana tashin yaro daga barci, ko ya tsaya a gefen dama ta ƙasa yana ƙaruwa, wannan asibiti ne ba hira ba. Na Hanif an bincika, yana ci, yana ƙiba, da safe kawai yake zuwa, shi ya sa muke wannan maganar. Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1958 wani likitan yara a Ingila, John Apley, ya duba 'yan makaranta 1,000 ya samu kusan ɗaya cikin goma na da ciwon ciki mai zuwa yana dawowa.

Malamar Jami'a:
Maman Hanif, tambaya ɗaya. Da kuka dawo gida 'yan dubiya suka riƙa zuwa, yaya kike ba su labarin asibitin? Kuma shi yana ina lokacin?

Maman Hanif:
Innalillahi. Malama kin kama ni. Yana kwance a cinyata. Duk wadda ta shigo sai na ɗauko mata tun daga farko, yadda ya sanƙare, yadda aka soka sau huɗu, jini har a zanin gado, yadda na ɗauka ba zai kwana ba. Ita kuma ta riƙe baki ta ce "wannan ai ya leƙa lahira ya dawo". Na ba da labarin nan ya fi sau talatin. Har hoton hannunsa da ya kumbura nake nunawa a waya.

Hajiya Kaka:
Kar ki zargi kanki 'yata, duk haka muke. In ba a kambama ciwo ba ai kamar ba a gode wa mai dubiya ba.

Malamar Jami'a:
Hajiya ta yi gaskiya, ba laifi nake nema ba. Amma ki sani abin da yaro ke ɗauka zuwa gaba ba zafin da ya ji ba ne, zafin da yake tunawa ne, kuma tuni yana canzawa da yawan maimaitawa. A Jami'ar Dalhousie ta Kanada an sa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 tsoma hannu a ruwan sanyi ƙarara, suka faɗi yawan zafin. Bayan mako biyu aka tambaye su abin da suke tunawa, bayan wata ɗaya aka maimaita gwajin. Abin da suka tuna ya fi nuna zafin da za su ji a karo na biyu a kan ainihin abin da suka ji a karon farko, kuma waɗanda suka fi tsorata su suka fi tuna shi da muni. An buga wannan a 2012.

Don haka ki sake ba shi labarin, ba da ƙarya ba. An soka sau huɗu, e, ya yi zafi. Amma wa ya miƙa hannu da kansa a rana ta uku? Me ya fara ci da ya ji sauƙi? Wace nas ce ta ba shi dariya? Waɗannan ma sun faru, ba a dai taɓa ba da su ba ne. Ki bar shi ya ji kina faɗa wa babansa su. Hoton nan kuma ki goge shi.

Baban Walid:
To ni da na ce a ɗauke kai, da ku da kuka ce a ɗauke hankali, ina bambancin? Turanci ne kawai ya yi yawa.

Anti Nas:
Kai ka ce a bar yaro shi kaɗai da tsoronsa. Mu mun ce a zauna da shi a yi zancen kaza.

Maman Hanif:
Salam, na dawo bayan kwana tara, na ga ana tambayata ta akwatin saƙo. Hoton na goge. Da safe in ya ce cikinsa, sai in taɓa goshinsa sau ɗaya, ya yi addu'ar da Ustaz ya faɗa, in ce zo ka ƙirga min ƙosai kowa uku-uku. Kwana huɗu bai ambaci ciki ba sam. Litinin da Talata ya dawo da shi, har da kuka, na kusa karaya in bar shi a gida, babansa ya ɗauke shi a babur suka tafi, malamarsu ta ce kafin tara yana tsakar fili. Kemis dai har yanzu sai mun tsallaka titi. Surukata ta kawo rubutun, ya sha, ban ce komai ba. Yanzu ga tambayata: ranar Alhamis zan kai ƙanwarsa rigakafin mako 14. In tafi da shi ya ga ana yi, ko ya yi wuri?

Anti Nas:
Ki tambaye shi, kar ki ja shi. In ya yarda, ki faɗa masa tun a gida cewa ba shi za a yi wa ba, kuma ƙanwarsa za ta yi kuka kaɗan ta daina. Ki ba shi aiki, shi zai riƙe katin ya miƙa. In ya tsaya a bakin ƙofa ya ce nan zai jira, ki bar shi a nan, wata Alhamis ɗin ya ƙara taku biyu. Ke kuma ki sa ta a nono, ki kalli fuskarta, kar ki kalli allurar.

Maman Hanif:
To Anti. Na tambaye shi yanzu, ya ce zai je in za a saya masa yogot a hanyar dawowa, kuma wai in gaya wa nas ɗin ta yi sau ɗaya kawai.